Kara Uku Zuwa Kwarin Habu

"Ɗaga ƙafa, Baba! Ɗaga ta mana!"

Suma'ila yana riƙe da hannun mahaifinsa yana ja, amma Baba Nomau ya kafe a tsakiyar lungu kamar an dasa shi. Diddigensa yana ɗan tashi ya koma, ya tashi ya koma, yatsun kuwa sun ƙi barin ƙasa. Jikinsa ya ranƙwafa gaba, hannun dama yana karkarwa a gefen riga kamar mai jan carbi. An idar da azahar tun ɗazu, masallata sun watse, su biyu kaɗai suka rage a rana.

Shatu, 'yar maƙwabcinsu marigayi Habu, ta shigo lungun ɗauke da damin tsohon kara da ta zaro daga jinkar rumbunsu. Tun da babu hatsin da za a rufe, jinka ta zama makamashi. Ta tsaya tana jiran su ba ta hanya. Da ta ga ba su da niyyar gusawa, ta ce a hankali, "Sannunku," ta raɓa jikin bango za ta wuce.

Kara ɗaya ya zame daga damin, ya faɗi a gicciye dab da yatsun tsohon.

Baba Nomau ya dube shi. Sai ya ɗaga ƙafar dama sama, kamar mai ƙetare kwata, ya ajiye ta a bayan karan. Ta hagu ta biyo. Ya yi taku ɗaya, biyu, uku, har biyar, cikakkun taku irin na mai lafiya, sannan ya sake kafewa.

Suma'ila bai ga takun ba, karan kawai ya gani. Ya shure shi ya yi gefe.

"A'uzu billahi! Wanda kuka binne bai ishe ku ba, sai kin ƙara da na sarari? Da rana tsaka?"

Shatu dama ba mai magana ba ce, tun tana yarinya in babba ya yi mata tambaya ƙasa take kallo. Ta durƙusa ta ɗauki karanta. Da ta ɗago, idonta ya haɗu da na tsohon. Fuskarsa ta daɗe da daina motsi, ciwon ya shafe mata dariya da fushi baki ɗaya. Amma idanun suna da rai. Sun dubi karan, sun dube ta. Nan ta gane su biyu ne suka ga abin da ya faru.

Shekara biyu ke nan da ciwon ya kama shi. Da hannu ya fara, sannan murya ta ƙanƙance, sannan ƙafa. An kai shi likita a Damagaram, aka ba shi ƙwayoyi, aka ce ciwo ne na tsufa da ba ya warkewa. Mutanen garin, wani ɗan ƙauye ne a gabas da Tirmini, ba su yarda ba. Suka ce mutum ba ya kafewa a fili haka kawai. Abu aka binne masa a hanya ya tsallaka. Wanda ya binne kuwa ba sai an yi dogon tunani ba, kowa ya san gidan da ke da ƙulli da Nomau.

A fari na farko, da ruwan sama ya ƙi, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, Habu ya kwashe iyalinsa suka yi kudu neman abin sa wa a baki. Damina biyu suka yi a can. Da suka dawo, gambar da ke raba gonarsa da ta Nomau ta mutu, wata sabuwa ta tsiro, amma ba a inda ta farko take ba. Ta matso taku arba'in, ta haɗiye kwarin Habu, wurin da ruwa ke kwanciya, inda ko a mugunyar shekara ake samun dami biyar. Aka tara dattawa a gona. Nomau ya zauna a inuwar gawo, ya bar Habu tsaye a rana yana nuna nan, yana nuna can, yana cewa akwai dutse da iyayensu suka binne, amma ya kasa gane wurin. Nomau ya ce masa, "To tsaya nan har ƙasa ta yi maka magana." Aka yi dariya. Shatu tana da shekara goma sha biyu, tana tsaye a bayan ubanta riƙe da goran ruwa. Ta ga gumin da ke bin ƙeyarsa. Bayan damina ɗaya Habu ya kwanta, bai tashi ba.

Saboda haka da ƙafar Nomau ta kafe, aka ce Kulu ce, matar Habu. Mata suka daina shigowa ɗibar wuta a gidanta. In ta je rijiya sai kowacce ta janye guganta.

"Ni?" in ji Kulu, tana jiƙa dilo, 'ya'yan anza da ake ci da yunwa, a ƙwarya don ɗacinsa ya fita. "Da ina da asirin kafe abu, ai hadari zan kafe a kan garin nan, ba wancan tsohon ƙwarangwal ba."

Bayan abin da ya faru a lungu, gidan Nomau suka ƙara tsananta tsaro. Kaltuma, matarsa, kullum da safe sai ta share tsakar gida da ƙofar gida har bakin masallaci. Ko tsinke ba ta bari, ko zare, ko sawun kaza. Suma'ila ya ɗauko gatari ya rushe dokin ƙofar ɗakin ubansa, ya daidaita ƙasar sumul, wai kada ya yi tuntuɓe, kada kuma a sami wurin cusa wani abu.

Dangar da ke tsakanin gidajen biyu ta zama ramuka, rabi awaki sun ci kafin su mutu, rabi an ƙone. Shatu tana gani daga inda take daka. Kafin a rushe dokin ƙofar, tsohon yana fitowa da kansa: ya dube shi, ya ɗaga ƙafa, ya ƙetare, ya kai rumfa. Tun da aka rushe, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana rawa a wuri guda har a zo a ɗauke shi cak kamar buhu.

Ta ji shi yana ƙoƙarin gaya musu, da wannan murya tasa da ta zama kamar ta sauro.

"Kaltuma, sa mini kara a gaba."

"Me ka ce, Malam?"

"Kara. A gicciye."

Kaltuma ta dafe ƙirji. "Suma'ila, zo ka ji! Abin ne ke kiran sa ya sake tsallakawa. La'ilaha illallahu, sun gama da shi." Aka kawo rubutu aka ɗura masa.

Shatu ta ci gaba da dakanta. Wata huɗu tana riƙe da maganar a bakinta kamar mai tsotsar gishiri. Ko uwarta ba ta gaya wa ba. In ta ga an ɗauko shi, ƙafafunsa suna reto, sai ta ji dakan ya yi mata sauƙi.

Ranar wata Talata aka ce kamyo, babbar motar kaya, ya kawo jar dawar taimako Tirmini, tiya biyu ga duk wanda ya je da ƙafarsa. Garin ya kwashe tun da sassafe, har da Bulama mai gari, har da Kulu. Suma'ila da Kaltuma suka zaunar da tsohon a kan turmi a ƙarƙashin rumfa, suka ajiye masa ruwa, suka ce kada ya motsa. Shatu ta zauna a gida, ta ce kanta ke ciwo.

Da hantsi ta ji ƙasa tana ƙara, shaf-shaf-shaf, a wuri guda. Ta leƙa. Ya tashi, ya yi taku biyu daga rumfa wajen bayan gida, ya kafe. Hannunsa ɗaya yana miƙe baya yana neman ginshiƙin rumfa, bai kai ba.

Ta jawo kujera ta zauna daidai babban ramin danga, inda zai gan ta. Ta ɗauko kara ɗaya ta ɗora a cinya.

Sun daɗe a haka.

"'Yar Habu."

Ta juya karan a cinyarta.

"'Yar Habu, na san kina ji."

"Ina ji, Baba Nomau."

"Kawo abin nan."

"Wane abu? Mu ai masu binne-binne ne. Kar in taɓa ka a ce na ƙarasa ka."

"Wawaye ne. Ni na haife su, na sani." Ya numfasa. "Fitsari ya matse ni. Kar ki bari in ɓata wandona a gabanki, na haifi kamarki."

Ba ta taɓa yi wa namiji babba magana mai tsawon wannan ba. Ta kafa idonta a kan karan, ta ce, "Zan kai ka. In ka fito, inda nake so za mu."

"Ina?"

"Ka sani."

Ƙafafunsa suka ci gaba da shaf-shaf. Wani ƙuda ya sauka a leɓensa, ya kasa korar sa.

"Wata bakwai rabona da ganin gona," in ji shi.

"Ba ganin gona za mu ba. Dutse za ka nuna."

"Wa ya ce akwai dutse?"

Ta miƙe ta ɗauki kujerarta.

"Tsaya. Ke, tsaya! Kai, Habu ya haifi dutse da kansa, yana neman wani a gona." Ya rufe ido ya buɗe. "Na yarda."

"Ka ce da Allah."

"Da Allah."

Ta zaɓi kara uku masu kauri, ta rataya fartanya a kafaɗa, ta ratsa ta ramin danga. Ta ajiye ɗaya a gabansa. Ya dube shi, ya ɗaga ƙafa, ya wuce. Ta kai shi har bakin bayan gida, ta bar masa kara ɗaya a ƙofar don fitowa, ta juya baya ta jira.

Daga nan suka kama hanya. Ta ajiye, ya ƙetare, ya yi taku biyar ko shida, ya kafe. Ta koma ta ɗauko, ta ajiye. Suka fita zaure, suka bi lungu. Garin shiru, babu kukan akuya, babu zakara. A gindin bishiyar bedin masallaci akwai mutum biyu da tsufa ya hana su zuwa Tirmini: liman Mala Gambo, da Tanimu tsohon maƙeri. Suka miƙe tsaye suna kallo.

"Nomau! Kai ne da ƙafarka?" in ji Tanimu.

"A'a, da ta ubanka."

Mala Gambo ya dubi karan, ya dubi Shatu. "Ke yarinya, mene ne wannan? Me kika tofa a ciki?"

"Allah gafarta Malam, karan jinka ne. Karɓi ka duba."

Ya karɓa, ya juya shi, ya shinshina, ya karanta abin da ya karanta, ya ajiye da hannunsa a gaban Nomau. Nomau ya ƙetare.

"Ikon Allah," in ji Tanimu. "Kuma Kaltuma kullum tana shara!"

"Ina za ku?" liman ya tambaya.

Shatu ta sunkuyar da kai. Nomau ne ya amsa, sai da suka matso da kunne suka ji.

"Ku biyo mu. Tana son shaidu."

Daga bayan gari zuwa gona, mai lafiya yana zuwa ya dawo kafin tukunya ta tafasa. Su kuwa rana ta same su a hanya ta hau kansu. Ƙasa fayau, ko tsinke babu, dabbobi da mutane sun tsince komai. Sai ƙasusuwan shanu jefi-jefi, da iska mai zafi kamar daga bakin tanderu.

Da farko tsohon daɗin tafiyar yake ji, abin da ya fi ƙona wa Shatu rai ke nan. Yana ɗaga kai yana kallon gabas da yamma. Yana nuna gonaki da haɓa. "Ta Idirisu ce wannan, rago, ko bara bai yi huɗa ba." Har wata 'yar ƙara ta fito daga maƙogwaronsa, ta gane dariya ce. Ta ƙara nisan da take ajiye karan, don ya miƙa ƙafa ya ji a jikinsa.

Daga baya taku shida suka koma uku, uku suka koma ɗaya. Sai ta jera karan uku a gabansa kamar matakala, ya ƙetare na farko, ta zaro shi ta kai gaba. Duƙawa, miƙewa, duƙawa, miƙewa. Bayanta ya ƙage. Tun jiya ba ta ci komai ba sai ɗan dilo, idonta yana ganin duhu-duhu in ta ɗago. Rigar tsohon ta jiƙe sharkaf, miyau yana zuba ta gefen bakinsa.

"Ruwa," in ji shi.

"Babana ma ya ji ƙishi ranar."

"Ke 'yar nan, ki ji tsoron Allah," in ji Mala Gambo.

"Ina ji, Malam." Ba ta ɗago ba. "Ban zo da ruwa ba ne."

Liman ya kafa masa butarsa a baki. Rabin ruwan ya bi gemu.

"Mu koma haka," in ji Tanimu. "Mutumin nan zai faɗi. A bari sai da yamma, ko gobe."

"Gobe Suma'ila yana gida," in ji Shatu. Ta ajiye kara.

Suka iso inda kututturan gamba suke a jere, baƙaƙe, an cinye su har ƙasa. Nan ne iyakar da kowa ya sani shekara tara. Nomau ya tsaya.

"To, ga iyaka," in ji shi. "Kun gani. Mu tafi."

Shatu ta taka gambar, ta shiga cikin kwarin, ta jera karan uku suna fuskantar gawo. Ta koma gefe ta harɗe hannu.

"Ka ce da Allah, Baba Nomau."

"Na ce zan zo gona. Ga ni a gona."

"To zauna a gonar."

Babu inuwa a wurin. Gaba kara, baya fili sumul har gari. Tsohon ya juya ido ya dubi hanyar gida, ya dubi abokansa biyu. Tanimu ya kawar da kai. Shi ma yana cikin waɗanda suka yi dariya a wancan taron.

Mala Gambo ya matso kusa da kunnensa. "Nomau, ni da kai an yi mana kaciya rana ɗaya. Bana na yi wa mutum ashirin da shida salla. Ƙasar da za a ba ka kamu huɗu ce, ba za ka tafi da kwari ba."

Ƙafafun suka yi shaf-shaf a kan kututturen gamba. Can ya ɗaga ta dama, ya ƙetare.

Taku arba'in ɗin nan sun fi duk tafiyar tsawo. Shatu tana ajiyewa, shi yana karkata haɓa hagu ko dama, tana gyara karan ya bi inda ya nuna. Suka wuce gawon, wanda makiyaya suka sassare rassansa har ya zama kamar turke. Taku bakwai a yammacinsa tsohon ya ce, "Nan. Ƙarƙashin ƙafata ta hagu."

Ta ajiye masa kara ya gusa. Ta durƙusa ta fara sara. Ƙasar ta yi tauri a sama, ƙasa kuwa rairayi ne mai sanyi. Da ramin ya kai gwiwar hannu, fartanya ta yi ƙara. Ta ajiye ta, ta tona da yatsu. Rabin dutsen niƙa ne, gefensa a fashe, cikinsa a lotse inda hannun wata mata ya cinye shi tun kafin a haifi kowa a wurin.

"Ubana da uban Habu suka fasa shi biyu," in ji Nomau. "Rabi nan, rabi can kudu. Na kudun na haƙe, yana cikin tsohuwar rijiya."

"Wannan fa?" in ji liman.

"Wannan ubana ne ya binne da hannunsa. Ina riƙe masa hula. Na zo sau biyu, na kasa."

"Tanimu, ka ji?"

"Na ji, na gani."

Shatu ta zauna a bakin ramin, tafinta a kan dutsen. Shekara tara tana ajiye da magana guda da za ta mayar wa mutumin nan, tana maimaita ta wajen daka, wajen jan guga. Ta buɗe baki, maganar ta ƙi fitowa. Sai ta miƙe, ta kakkaɓe zane, ta tsince karanta ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa su a hammata.

"'Yar Habu," in ji tsohon. "Mayar da ni."

"Zuwa muka yi da kai, Baba Nomau. Ba mu yi maganar komawa ba."

"Shatu!" in ji liman.

"Karan girki ne, Malam. Inna za ta dawo da dawa."

Ta juya ta kama hanyar gari. Tana jin su a bayanta. Ta ji liman yana cewa bari ya ajiye sandarsa, ta ji Tanimu yana cewa riƙe shi ta nan. Ta ji taku ɗaya, ta ji na biyu. Sannan ta ji wani abu ya faɗi, ba da ƙarfi ba, kamar an sauke damin da bai cika ba, da salatin tsofaffi biyu. Ƙafarta ta ɗan tsaya. Ba ta waiwaya ba.

Sai bayan la'asar mutane suka dawo daga Tirmini. A kan ƙyauren zaure aka ɗauko Baba Nomau, ƙugunsa ya karye. Suma'ila ya zo ƙofar gidan Kulu da gatarin da ya rushe dokin ƙofa, maza uku suna rirriƙe shi.

"Fito! Fito, mayya 'yar mayya! Kin ja shi da asiri kamar akuya, kin yar da shi a rana!"

Kulu ta fito, ta tsaya a zaure riƙe da muciya. "Asirin yana murhu, Suma'ila, na dafa dawa da shi. In kana son irinsa, akwai a jinkar ubanka."

Washegari liman da Tanimu suka faɗi abin da suka gani a gaban Bulama. Aka je aka duba dutsen, aka sa matasa suka shiga tsohuwar rijiya suka fito da ɗayan rabin. Da aka haɗa su, bakin ya zauna daidai. Bulama ya ce kwari na magadan Habu ne. Game da faɗuwar kuwa ya ce mutum ya tafi da ƙafarsa, da bakinsa, a gaban liman, ba shi da abin da zai yanke. Ya dai dubi Shatu ya daɗe, ita kuma tana kallon ƙasa.

Mai ɗori ya zo ya ɗaure ƙugun, ya fita yana girgiza kai. Zazzaɓi ya shiga, tari ya biyo. Ta ramin danga Shatu ta ga Kaltuma ta daina shara. Wata safiya ma ta gan ta tana jera kara daga ƙofar ɗaki zuwa rumfa, tana waige-waige kada ɗanta ya gani, sannan ta leƙa ɗakin ta ce, "Malam, ga shi na sa maka. Ko za ka gwada?"

Rana ta takwas Kaltuma ta shigo gidansu, karo na farko cikin shekara biyu. Ta yi sallama, ta zauna a ƙasa, ta ƙi hawa tabarma.

"Kulu, shi ya aiko ni. Ya ce a yafe masa."

Kulu ta daɗe tana juya zoben hannunta. "Abin da ya yi mini, na yafe. Maitar da kuka ɗora mini ma na yafe, don na gaji da ɗaukarta."

"Ke fa, Shatu? Sunanki ya kira. Ya ce tafiyar nan ita ce daɗin da ya ji na ƙarshe, ko da kin yi ta ne don mugunta."

Shatu ta ji maganar ta soke ta. Ba haka ta so ya tuna da ranar ba.

"Inna Kaltuma, gonar na karɓa. Sauran ba nawa ba ne. Na Baba ne, ga shi kuwa can zai same shi."

"'Yata, mutum ne a bakin kabari."

"Na sani."

Kaltuma ta jira ko za a ƙara wani abu. Da ba a ƙara ba, ta dafa ƙasa ta tashi.

Ya cika washegari da hantsi, ranar Alhamis. Kukan bai yi ƙarfi ba, mutane ba su da ƙarfin kuka a shekarar. Kulu ta yafa mayafi ta shiga gaisuwa. Shatu ta bi ta, ta durƙusa a bakin ƙofa cikin mata, ta ce, "Sannunku da haƙuri." Addu'ar da ake bi da ita, ta bar wa na kusa da ita suka faɗa. Suma'ila yana zaure, da ta zo fita ya tofar da yawu a gefe.

Bayan sadakar uku, Kulu ta shiga ɗaki ta tono wata 'yar buta da ta liƙe bakinta da laka. Irin gero ne, bai fi tafi shida ba, wanda ta hana kanta da 'yarta ci duk tsawon yunwar.

"Ba a ga hadari ba, Inna."

"In an jira hadari, hannu zai kai shi baki. Je ki binne."

Da sassafe Shatu ta ɗauki sungumi ta tafi ita kaɗai. Ta fara daga gindin dutsen, ta nufi kudu. Ta sara, ta zuba ƙwaya biyar, ta rufe da diddige. Ta sara, ta zuba, ta rufe. Bayanta bai daina ciwo ba tun ranar Talatar. Da ta kai ƙarshen layin farko ta tsaya ta dafa ƙugu, ta dubi gabas. Sama fari fat. Wata kurciya ta sauka a kan ramin farko tana tono, Shatu ta ɗauki hoge ta jefe ta, ta juya ta kama layi na biyu.